Daga Fito Zuwa Rigata: Doguwar Tafiya a Kan Kogi da Kalmominta a Hausa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da kan sayi ɗan jirgin ruwa, su shirya cikinsa kamar gida, da makwanci da madafa da makewayi, sa'an nan su bi kogi wata da watanni, ba domin fatauci ko kamun kifi ba, sai domin daɗin tafiyar kawai. Wurin da irin waɗannan jirage suke ya da zango sunansa marina a harsunan can. Mai fassarar da ya yi niyyar aron wannan kalma yadda take zai gamu da cikas tun kafin ya ɗora alƙalami, domin kuwa Hausa ta riga ta mallaki tata marinar. Idan aka ce wa ɗan makaranta a Balan ta ƙasar Gaya, ko maƙwabcinsa na Ajingi, wani Bature ya kwana uku a marina, abin da zai faɗo masa a rai shi ne rijiyoyin baba irin na Ƙofar Mata, da mutum tsaye a bakin karofi hannuwansa sun yi shuɗi. Kalmar ma biyu ce, karin sauti ya raba su: akwai marina wurin rini, akwai marina jam'in marini.

Wannan cikas ƙarami ne, amma yana jawo tambaya mai girma. Shin Bahaushe ya san doguwar tafiya a kan kogi, da zaman watanni a cikin jirgi? In ya sani, a wace ƙasa, kuma da waɗanne kalmomi yake zancenta? Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Hausa tana da ƙamus biyu na ruwa, ɗaya na masu ƙetare kogi, ɗaya na masu bin sa, kuma na biyun ne, wanda ba a cika sanin sa a Kano ba, ya kamata mai fassara ya nufa.

2.0 Kogin da Ake Ƙetarewa

Ƙasar Gaya ƙasar noma ce da ƙira. Ko a tarihin baka ma da ƙarfe aka san ta: a nan ne aka ce maƙera suka ƙera wa Bayajida wuƙa, daga nan kuma aka ce Abagayawa suka tashi suka zauna a gindin Dala. Babban ruwan da ya fi kusa da mutanen wannan yanki shi ne kogin da ya ratsa Wudil, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa, ya nufi arewa maso gabas ta Ringim zuwa Haɗeja. Wannan kogi ba ya zuwa teku. Bayan Haɗeja sai ya bazu cikin fadamun Nguru, ragowarsa ta haɗu da ruwan Jama'are a wajajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, su doshi Tafkin Cadi.

Kafin a gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, halin kogin nan biyu ne. Da damina ya cika ya tumbatsa, ya raba gari da gari. Da rani kuwa ya janye ya bar yashi da 'yan kududdufai, jaki da kaya ya taka ya wuce. Kogin da ke ƙafewa rabin shekara ba ya zama hanya. Saboda haka abin da Bakano ya sani game da jirgi shi ne fito, watau a ɗauki mutum da kayansa daga wannan gaɓa a sauke shi a waccan, ya biya ya ci gaba da tafiyarsa a ƙasa. Kalmomin yankin duk wajen nan suka karkata: mashigi, inda ruwa bai kai a nemi jirgi ba, mai fito, kuɗin fito, da gora, babban duman nan da mutum kan rungume ya yi iyo da shi. Akwai wata gora kuma, ta mace, watau dogon sandan da ake dogara jirgi da shi, jinsi da karin sauti suka bambanta su.

Har fataken goro na Kano, waɗanda suka saba da tafiyar watanni zuwa Gwanja, haka suka ɗauki Kwara kanta. Ayari yakan iso bakinta a wajajen Yawuri ko Ilo, madugu ya yi ciniki da masu jirage, a fitar da mutane da jakuna, a wuce. Kogin da ya haura kilomita 4,000 tsawo, a wurinsu faɗinsa ne kawai abin lissafi. Shi ya sa kalmar fito ta yi rayuwa ta biyu a tudu. A yau kuɗin fito shi ne harajin da ake biya kafin kaya su shigo ƙasa, 'yan fito kuwa su ne masu tsallakar da kaya ta kan iyaka, ko da babu ɗigon ruwa a wurin. Iyakar ƙasa ta gaji matsayin kogi, ta gaji kalmarsa.

Karin magana ma bai nuna Bahaushen tudu yana sha'awar ruwa ba. Wanda ya nutse, cewa ake yi ruwa ya ci shi, kamar dai ruwan wata dabba ce mai baki. Da aka zo bayyana gwanintar iyo sai aka ce iya ruwa fid da kai, ma'ana iyakar gwaninta ita ce mutum ya fito da ransa.

3.0 Kalmar Jirgi

Duk da haka, kalmar da Hausa ta fi dogara da ita wajen sufurin zamani daga ruwa ta fito. A da, in an ce jirgi, ba a buƙatar ƙarin bayani, na ruwa ake nufi. Sai layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma abin lura shi ne daga bakin kogi ya taso: an fara shimfiɗa shi daga Baro a 1907, jiragen ruwa masu hayaƙi suna hauro Kwara da ƙarafunansa. Aka kira sabon abin jirgin ƙasa. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, aka samu jirgin sama. Daga nan ya zama tilas a ƙara wa na asalin wutsiya, a ce jirgin ruwa, kamar baƙo a gidan ubansa.

Haka fi'ilin tuƙa. Hannun da ke juya muciya a tukunya da wanda ke juya filafili a ruwa aiki iri ɗaya suke yi, saboda haka kalma ɗaya ta ishe su. Daga nan ta hau mota, ta hau keke, ta kai ga matuƙin jirgin sama. Filafili kansa, wanda asalinsa itacen tuƙi ne, ya koma sunan abin da ke juyawa a goshin jirgin sama. Kalma ɗaya ce ta yi tafiyar akasin haka, ita ce tasha, wadda aka aro daga Ingilishi domin jirgin ƙasa da mota, daga baya aka kai ta bakin ruwa aka ce tashar jiragen ruwa.

4.0 Kogin da Ake Bi

Akwai Gaya biyu. Ban da ta Kano, akwai wata a Jamhuriyar Nijar, a ƙasar Dandi, zaune a bakin Kwara daura da Malanbil ta Jamhuriyar Benin. Daga wannan Gaya ta biyu zuwa Yawuri da Busa, haɗe da kwarin Gulbin Kabi, nan ne ƙasar Hausawan ruwa. Dalilin bambancinta da ƙasar Kano yana cikin halin kogin ne. A wannan yanki Kwara takan kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko ruwan daminar yankin ne, mai laka, wanda kan kai ƙarshen cikarsa wajen watan Satumba. Na biyu kuwa ruwan da aka yi ne a duwatsun Gini, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun Masina a ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, sa'an nan ya iso nan da sanyin hunturu, garau da shi. Masana ruwa suna kiran na farko farar ambaliya, na biyu baƙa. Sakamakon haka shi ne, a lokacin da kogin Wudil na da ya zama yashi, Kwara a Yawuri tana cike tana ɗaukar manyan jirage.

Daulolin wannan yanki sun san amfanin haka. Sarkin Sanwai Sunni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jirage ya kewaye Jenne, kuma a fadar Sanwai akwai sarauta ta musamman ta shugaban jirage, ana ce da shi Hi-koi. Masuntan Sorko su ne ƙashin bayan wannan runduna. Da Kanta ya ɓalle daga Sanwai wajen 1516 ya kafa daular Kabi, ruwa ya zama masa ganuwa ta biyu bayan ta Surame. Tarihin baka na Kabi yana ba da labarin wani babban jirginsa da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa hamsin, wanda yakan shiga ya zaga garuruwansa in ruwa ya cika. Ko labarin ya yi ƙari ko bai yi ba, wannan shi ne abin da ya fi kusa da jirgin alfarma a tarihin Hausawa, amma shi ma na rangadi ne, kuma rangadi aikin mulki ne.

Daga zuriyar Sorko da suka zauna a ƙasar Kabi suka juye Hausawa aka samu Sarkawa. Su ne ainihin ma'abota doguwar tafiya. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda shi da abokansa biyu suka bi Kwara a kwalekwale tun daga mafarinta har teku a 1946 zuwa 1947, ya gamu da su a hanya, kuma a 1950 ya buga nazari a kansu a mujallar Africa, inda ya kira su masunta matafiya. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda suke barin garuruwansu su gangara kudu, su ratsa duwatsun Busa masu cin jirage, su wuce Jebba da Lakwaja, har su kai ƙoramun bakin teku, suna su suna banda suna sayarwa a kasuwanni irin na Onica, sa'an nan su hauro gida bayan watanni masu yawa da kuɗi da haja.

A irin wannan tafiya jirgi gida ne. Ana kafa masa rumfar tabarmi ko ta asabari a tsakiya, a zuba yashi ko yumɓu a wani gefe a ɗora murhu domin kada wuta ta taɓa katako, a jera tukwane da buhunan hatsi da kayan su: taru, da koma, da mamari, da zago na farautar dorina da ayu. Inda aka ga kifi sai a sauka a kafa tunga, watau 'yan bukkoki na wucin gadi a gaɓa ko a kan tsibiri. Tungar da ta daɗe takan zama ƙauye, shi ya sa taswirar Kabi da Yawuri take cike da garuruwa masu farawa da Tungan wane. Tsibiri kuwa a bakin mutanen nan gungu ne, daga nan aka samu sunan Gungawa, watau Reshe na ƙasar Yawuri. Jiragen da kansu suna ba da labarin ƙasa. A arewa, inda babu manyan itatuwa, alluna ake haɗawa, har a wajajen Gawo da Tumbutu a da ɗinke su ake yi da igiya. Babban jirgin da ake fafewa daga gungume ɗaya, wanda ake kira abara, daga kurmin kudu ake sayo shi a hauro da shi.

Wurin da jirage ke tsayawa a bakin gari shi ne kwata. Wanda ya san kwata ta mahauta kawai, ko ta ruwan datti, zai yi mamakin jin garuruwan bakin Tafkin Cadi masu suna Kwatan kaza, amma ga mutumin ruwa wannan ita ce ma'ana ta farko. Kwata kuwa tana da tsarinta. Akwai Sarkin Ruwa, wanda ke da ta cewa kan lokacin su da rikicin masunta da neman wanda ruwa ya ci. Akwai fatoma mai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi. Akwai kafintocin jirgi masu toshe ɓaraka, da masu abinci, da 'yan dako, a zamanin nan kuma da makanikan inji da masu sayar da mai a jarka. Baƙon jirgi yakan san inda zai ɗaure da wanda zai gaisar kafin ya sauke ko da buhu ɗaya.

Ba Sarkawa kaɗai ke da kogin ba. Daga Jebba zuwa kudu hannun Kede ne, wani reshe na Nufawa masu hedkwata a Muregi, inda Kogin Kaduna ya shiga Kwara, waɗanda S. F. Nadel ya yi rubutu a kansu a 1940. Bayansu kuma akwai Kakanda. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka gangara daga Yawuri da Busa har teku a 1830, sun ga manyan jiragen fatake a Egga masu rumfuna a kai, iyali suna zaune a ciki. Hausa na cikin harsunan da ake ciniki da su a waɗannan kasuwanni.

A nan ya kamata ɗalibin Hausa ya tuna cewa fannin nasa ma yana da bashin kogi a wuyansa. J. F. Schön ya shiga ayarin jiragen da Ingila ta aiko Kwara a 1841, wanda zazzaɓi ya yi wa ɓarna, kuma daga wannan tafiya ce littafinsa na kalmomin Hausa ya fito a 1843. W. B. Baikie, wanda ya hau Binuwai da jirgin Pleiad a 1854, jirginsa na biyu mai suna Dayspring ya fashe a duwatsun Jebba a 1857, daga baya ya zauna a Lakwaja yana fassara da Hausa, har ya ziyarci Kano a 1862. Kafin su duka, Mungo Park ya halaka a Busa, bayan ya taso daga Sansandin a ƙarshen 1805 ya wuce ta Yawuri.

5.0 Yadda Abin Yake a Inda Ya Samo Asali

Tafiyar shaƙatawa a kan ruwa ta tsiro ne a kan kufan tafiyar aiki. A Ingila an haƙa hanyoyin ruwa domin jigilar gawayin kwal da sauran kaya masu nauyi. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace cinikin, sai hanyoyin suka fara cikewa da ciyawa. Littafin L. T. C. Rolt na 1944, wanda ya ba da labarin zamansa a cikin tsohon jirgin dako da ya mayar gida, shi ya farkar da jama'a, aka kafa ƙungiyar kare hanyoyin a 1946. A yau akwai kimanin mil 2,000 na irin waɗannan hanyoyi a ƙarƙashin wata hukumar amana da aka kafa a 2012. Jiragen siririya ne, faɗinsu bai wuce mita 2 da 'yan kai ba, gudunsu kuma ba ya wuce mil 4 a awa, watau mai saurin ƙafa yana iya jerawa da su. A Faransa ma haka ta faru da mashigin Midi mai tsawon kilomita 240, wanda aka buɗe a 1681. A Masar kuwa, kamfanin Thomas Cook ya fara kai 'yan yawon buɗe ido a kan Nilu tun wajen 1869.

Wata doguwar tafiya irin wannan ita ce Babbar Da'ira ta Amurka, mai kimanin mil 6,000. Matafiyi yakan bi gaɓar gabas da bazara, ya shiga Kogin Hudson, ya yi lokacin zafi a manyan tafkunan kan iyakar Kanada, ya faɗa koguna ta Cikago da kaka, ya taɓa Misisifi da Ohayo da Tenesi, ya yi hunturu a Fulorida. Yawanci shekara guda take ci. Basarke ba zai ga baƙon abu a wannan lissafi ba, domin shi ma yanayi ne ke gaya masa ranar tashi da ranar juyowa.

Abubuwa biyu ne suka sa tafiyar ta yiwu ga wanda ba a haife shi a ruwa ba. Na farko shi ne matakalar ruwa. Inda kogi ya yi gangara ko aka datse shi, akan gina wani ɗaki mai ƙofa biyu. Jirgi ya shiga a rufe, a sako ruwa daga sama har ya ɗaga shi daidai da na gaba, a buɗe ɗaya ƙofar ya fita. In gangarowa yake yi sai a rage ruwan. Na biyu shi ne wurin nan da ake kira marina. Wani lungu ne na ruwa da igiyar ruwa ba ta dukansa, an shimfiɗa gadoji na katako masu yawo a kan ruwa, kowane jirgi da gurbinsa. Ana biyan kuɗin kwana ko na shekara gwargwadon tsawon jirgi. A kowane gurbi akwai famfo da wutar lantarki, a gefe kuma akwai gidan mai, da injin zuƙe ƙazantar makewayi, da wurin wanka da wanki, da filin da ake ɗaga jirgi a gyara cikinsa. Wasu kwana ɗaya suke yi su wuce, wasu kuwa nan ne gidansu shekara da shekaru, sun san juna, suna aron kayan aiki, suna ba baƙo labarin inda yashi ya taru a gaba.

Idan aka cire lantarki da takardar rasit, babu aiki ɗaya a cikin waɗannan da kwatar Yawuri ba ta yi. Bambancin yana wajen wanda ya sauka. Na Yawuri ya zo neman abinci ne, na can kuwa ya riga ya samu, ya zo kashe abin da ya tara.

6.0 Bayan Kainji

Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta sauya taswirar da aka bayyana a sama. Tafkin da ta haifar ya haɗiye tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park, da tsibirai masu yawa na Gungawa, aka tayar da mutum wajen 44,000. An gina wa madatsar matakalar ruwa da fatar jiragen kaya za su riƙa hawa har Yawuri, amma wannan ciniki bai tabbata yadda aka so ba, mota ta riga ta karɓe shi. Doguwar hanyar Sarkawa ta yanke biyu. Da yawa suka tsaya a bakin sabon tafkin, wasu suka nufi Cadi, wasu Lagdo ta Kamaru. A ƙasar Kano kuwa akasin haka aka samu: madatsun ruwa sun kawo tafkuna inda babu su a da, suka kuma sa kogin Wudil ya daina ƙafewa. A zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, an gina otal a bakin Bagauda da wani a Tiga da nufin jawo masu shaƙatawa. Na Bagauda daga baya ya zama makarantar horar da lauyoyi. Can ƙasa kuma, ruwan da ba ya janyewa ya ba ciyawar kacala dama ta toshe hanyoyin da kwalekwale ke bi a fadamun Haɗeja da Nguru.

Wasa da jirgi a wurin Bahaushe a biki yake fitowa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016, akwai sashen da ake kira Kabanci: tseren kwalekwale, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. A Yawuri kuwa sunan bikin ma aro ne, Rigata, daga kalmar Ingilishi ta tseren jirage, ta shige cikin Hausa har ta yi kama da 'yar gida. A duka biyun masu sana'a ne suke nuna gwanintarsu, jama'a suna kallo daga tudu.

Akwai dalilin da ya sa batun kalmomin nan ya wuce gardamar malamai. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya yi lodi fiye da kima ya kife a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, fiye da mutum 100 suka halaka ko suka ɓace. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a tafkin Watari, tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, tana da dokoki kan yawan fasinja da tafiyar dare, amma dokar da za ta yi aiki a kwata tilas ta zo da harshen kwata. Har yanzu rigar nan da ke hana nutsewa ba ta da tsayayyen suna: gidajen rediyo wani ya ce rigar ruwa, wadda kuma ake kiran rigar kare ruwan sama da ita, wani ya ce rigar kariya, wadda ta fi tuna wa mai sauraro da sulken soja. Rigar ceto ta fi su dacewa, domin ba ta da kishiya.

Game da kalmar da aka fara da ita, zaɓi uku ne a gaban mai fassara. Tashar jiragen ruwa ta yi girma, tana kawo hoton Apapa da manyan jiragen teku. Zango yana da kyau ta fuskar ma'ana, tun da ya ƙunshi sauka da kwana da ci gaba da tafiya, sai dai ƙurar ayari da warin raƙuma sun kama shi, kuma a Gana da Togo ya riga ya zama sunan unguwar Hausawa. Saura kwata. Ita ce ta ruwa tun asali, tana ɗauke da gurbin ɗaure jirgi da mai gyara da mai saukar da baƙo, abin da ta rasa kawai shi ne dalilin zuwan, wannan kuwa kalma ɗaya ta isa ta cike shi, a ce kwatar shaƙatawa. Matsalarta ita ce ɗalibin Balan zai fara tunanin mahauta, saboda haka a littafin makaranta sai an yi masa bayanin ma'anar Kabi da Yawuri a karo na farko. Gurbin kowane jirgi kuwa ana iya kiran sa maɗauri, bisa tsarin mashigi da masauki, mai kula da wurin kuma sarkin kwata, kamar yadda ake da sarkin tasha da sarkin kasuwa.